Tambaya da Amsa: Fita yawon ƙungiya a motar da ke shiga ruwa

Wasiƙu shida muka zaɓo a wannan fitowar, kuma duk a kan abu ɗaya suke: motar nan ta masu yawon buɗe ido da ke zaga gari a kan kwalta, ta gangara cikin kogi, ta ci gaba da tafiya a matsayin jirgi. A Amurka da Ingila "agwagwa" ake ce mata, mu ma haka za mu kira ta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni makaniki ne, shekarata ashirin da biyu ina gyaran manyan motoci. Yarona ya nuna mini bidiyon wata bas da ta faɗa kogi da fasinjojinta, ba ta nutse ba. Ta ina take samun tafiya a ruwa, kuma me ya hana ruwa shiga ta wajen aksul? Daga wani makaniki a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta biyu ita ce zuciyar maganar, amma bari mu fara da asalin motar.

Sojojin Amurka ne suka buƙace ta a Yaƙin Duniya na Biyu, don su riƙa ɗebo kaya daga manyan jiragen da ke tsaye a teku su wuce da su har cikin tudu ba tare da an sauke a gaɓa ba. Kamfanin General Motors ya ƙera fiye da 21,000 tsakanin 1942 da 1945, da sunan DUKW. Abin da aka yi shi ne aka ɗauki shasin motar sojoji mai tayoyi shida, dukkansu masu ja, aka yi masa gangar jikin jirgi ta farantin ƙarfe da walda. Tsawonta mita 9.4, faɗinta kusan mita biyu da rabi, nauyinta ba kaya ya kai tan shida. A kwalta tana iya kilomita 80 a awa, a ruwa kuwa da ƙyar take wuce 10. Ta yi aiki a Sisili a 1943, ta yi a Nomandi a 1944. Ita ce kuma ta fara zuwa da tsarin da direba ke rage wa tayoyi iska ko ya ƙara daga inda yake zaune, saboda yashin bakin teku. Da yaƙi ya ƙare aka yi gwanjonsu, kuma a 1946 aka fara ɗaukar masu yawo da su a Wisconsin Dells.

Inji ɗaya ne ke yin aikin biyu. Bayan giya akwai wani ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi, ya tura wani sashe zuwa sandar farfelar ruwa da ke ƙarƙashin bayan motar. Kafin a hau gangarar shiga ruwa direba zai ja liba ya haɗa farfelar, ya shiga tayoyi na juyawa, da ƙasa ta ƙwace musu sai farfela ta karɓi aiki. Sitiyarin nan dai shi ne: yana juya tayoyin gaba, kuma akwai waya da ta tafi daga gare shi zuwa faifan ƙarfen da ke bayan farfela, mai karkata akalar jirgi. Birki ba ya aiki a ruwa. In ana son tsayawa sai a rage wuta ko a juya farfela baya, shi ya sa take buƙatar fili sosai.

To, ga batun aksul. Tayoyi da aksul da sifirin duk a waje suke, cikin ruwa tsamo-tsamo. Inji da giya suna ciki. Ke nan dole sandunan da ke kai ƙarfi su huda gangar jikin su fita. Kowace sanda tana bi ta cikin bututun ƙarfe, a bakin bututun kuma akwai roba mai lanƙwasa da aka ɗaure da maɗaurin ƙarfe, irin wanda kuke ɗaure tiyon lagireto da shi. Wannan robar ce kawai tsakanin fasinja da kogi. Sai kuma matosai da ke ƙasan ciki, waɗanda ake kwancewa a gareji don ruwan da ya taru ya tsiyaye, kuma tilas a mayar da su kafin a fita.

Ka yi lissafin da kanka. Rami mai faɗin santimita 5, idan yana rabin mita ƙarƙashin ruwa, zai shigo da kusan lita 220 a minti ɗaya. Durom guda ke nan duk minti, har da ƙari. Babban famfon kwashe ruwa na asalin ƙirar yana iya fitar da fiye da lita 900 a minti, sai dai da sarƙa yake samun juyi daga sandar farfela. Inji ya mutu, famfo ya tsaya. Inji yana sulo, famfo yana sulo.

Abin da ya faru ke nan a tafkin Hamilton da ke jihar Arkansas ranar 1 ga Mayu, 1999. An canja robar bututun baya na wata agwagwa mai suna Miss Majestic 'yan kwanaki kafin nan, ba a ɗaure maɗaurin ya ɗauru ba, robar ta zame. Babban famfon kuma ba ya aiki. Minti bakwai da shigarta ruwa ta nutse ta baya, mutum 13 cikin 21 suka rasu. Aikin maɗauri ɗaya ne, Malam, wanda kowane yaron shago ya iya.

Sauran wahalarta ka san su: ruwa na shiga giris ɗin boris da man aksul har su koma kamar madara, birki na fitowa a jiƙe sai direba ya ɗan tattaka shi ya bushe, tsatsa na cin farantin ciki daga inda ido ba ya kaiwa. Wadda yaronka ya nuna maka, in bas ce rufaffiya mai gilasai, to sabuwar ƙira ce irin ta Rotterdam ko Hamburg ko Budapest. Waɗannan tun daga zane aka yi su don fasinja, a kan shasin manyan motocin zamani, wasunsu da injin feshin ruwa a madadin buɗaɗɗiyar farfela.

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna wani gari kusa da Boston. Mun yi karo-karo muna son mu fita yawon bayan Sallah a agwagwa, mu 74 ne, 26 daga ciki yara, akwai dattawa huɗu. Ta ina zan fara, kuma me ake yawan mantawa da shi?

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya taimaka, ka ɗauko aiki. Fara da kalanda. Agwagwar Boston, wadda ta soma aiki a 1994, ba ta fita a tsakiyar hunturu. Daga wajen ƙarshen Maris ne zuwa ƙarshen kaka. Tunda Sallah na matsowa baya da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara, a duba ta faɗa cikin lokacin aikinsu kafin a sanar da jama'a rana. Yawon na ɗaukar kusan minti 80, wajen 60 a titi, 20 a kogin Charles.

Daga nan sai ƙidaya, kuma kai ake ƙirgawa, ba kujera ba. Takardar shaidar da rundunar tsaron gaɓar teku ke ba kowace mota ta faɗi adadin rayukan da za ta ɗauka, jaririn goye ma rai ne guda. Maganar "ai a cinya za a riƙe shi" ba ta aiki a nan. Idan motar na ɗaukar 35, ku 74 kun fi ƙarfin mota biyu da mutum huɗu, don haka uku za ku ɗauka shata. Kada ka ɓata baki wajen roƙon a matsa a saka huɗun nan; kyaftin ɗin da ya yarda ya sa lasisinsa a wuta. Tun Disambar 2011 rundunar ke lissafa kowane fasinja a kan kilo 84, a kan haka aka auna yadda motar za ta zauna a ruwa. Mota uku ma ta fi muku sauƙi, kowace ta ɗauki wajen 25, dattawa su sake.

Rubuta wa sashen da ke kula da ƙungiyoyi na kamfanin makonni shida zuwa takwas kafin ranar, in rani ne ma fiye. Kafin ka biya kuɗin kafin alƙalami, ka samu amsar waɗannan a rubuce: idan kamfani ya soke saboda yanayi me za a mayar, idan ku kuka fasa saboda kun ga hadari me za a mayar, ranar ƙarshe ta canja adadin mutane, da kuma minti nawa za su jira mai latti. Amsar ta ƙarshe yawanci ita ce ba sa jira, domin kowace mota na da lokacinta a gangarar shiga ruwa. Ka faɗa wa jama'arka lokacin da ya riga na gaskiya da minti 45, ka sa wurin haɗuwa ya zama inda akwai banɗaki, saboda galibin motocin nan ba su da shi. A zaɓi tashin da ya faɗa tsakanin salloli biyu, a yi alwala da uzuri tun a ƙasa.

Abin da aka fi mantawa shi ne nauyin yara. Ba shekarunsu kamfani ke buƙata ba, kilonsu. Dokar Amurka ta ce ƙaramin jirgin fasinja ya ajiye rigunan kariya na yara da suka kai kashi goma cikin ɗari na adadin mutanensa, ya ƙara idan yaran da suka hau sun fi haka. Kashi goma na mota ɗaya riga huɗu ce. Ku kuna da yara 26, wato takwas ko tara a kowace mota. In ba ka sanar da wuri ba, a bakin mota za a fara neman riguna. Aika musu jeri: yara nawa ne ƙasa da kilo 14, nawa tsakanin 14 da 23, nawa tsakanin 23 da 41. Wanda ya wuce 41 ta manya zai sa.

Wajen rabon motoci, kada a yi abin da muka saba a biki, a ce motar maza, motar mata da yara. Hakan zai tara yara 26 a hannun mata ƙalilan a mota ɗaya. Raba su gida-gida, kowane yaro da iyayensa, kuma babba ɗaya kada ya wuce yara biyu, domin hannu biyu gare shi. Yaro ya zauna ta ciki, babba ta gefen taga. Kowace mota a naɗa mata shugaba mai takardar sunaye, ya ƙirga a wajen hawa, ya ƙirga a wajen sauka. Kwafin jerin gaba ɗaya, da lambobin wayar dangi, ya zauna a hannun wani da ba zai hau ba.

Dattawan kuma, motar na da tsayi, ta matakala mai tsauri ake hawa, galibi ta baya. Mai ciwon gwiwa zai sha wuya. Wasu kamfanoni na da na'urar ɗaga keken guragu, sai dai ba a kawo ta sai an nema tun farko. A faɗa wa masu babbar riga su naɗe ta ko su zo da kaftani, domin bakin riga na kama matakala. A zo da rigar sanyi ko da rana ta buɗe, iskar kan kogi daban ce.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi duk sauran: tun a taron ƙungiya a amince da mutum ɗaya da ke da ikon cewa an fasa, ko da an biya, ko da yara sun sa kayan Sallah. A rubuta shi a bayanin taro. Dalilin yana cikin amsar wasiƙa ta huɗu.

Tambaya: Ina da 'ya'ya uku, ƙaramar shekararta biyu. Makarantar Islamiyyarmu za ta kai mu wannan yawon. Shin zan sa musu rigar kariya tun daga hawa? Ni kuma da dogon hijabi nake fita, yaya zan yi da tawa? Daga wata uwa a Ingila.

Amsa: Hajiya, amsar ta danganta da abin da ke saman kanku, kuma wannan ne wurin da agwagwa ta bambanta da kwale-kwale.

A buɗaɗɗen jirgi babu gardama, a sa riga kafin a taɓa ruwa. Amma tsofaffin agwagwi da yawa an yi musu rumfa mai ƙarafa, da labulen leda a gefe saboda ruwan sama. Binciken hatsarin Arkansas ya gano cewa rumfar ce ta danne mutane lokacin da motar ke nutsewa: jiki na tasowa sama, rufi na tare shi. Rigar kariya kuwa ƙara tura mutum sama take yi. Shi ya sa hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta haɗa abubuwa biyu tare tun a wancan lokacin: a cire rumfa, sannan a sa riga. Dokar da majalisar ƙasar ta zartar a ƙarshen 2022 ta bi wannan layi a kan motoci masu ƙirar DUKW: ko a cire rumfa da labule yayin tafiya a ruwa, ko a sa irin waɗanda ba za su tare hanyar fita ta sama ko ta gefe ba.

Saboda haka, kafin ranar, malamin da ke shirya tafiyar ya tambayi kamfani: ana sa riga kafin shiga ruwa ko ajiye ta ake yi, kuma ta ina ake fita idan an samu matsala? A Dublin, misali, motar kan tsaya a bakin ruwa, kowa ya sa riga, a maƙala wa motar abubuwan ƙara yin iyo a gefe biyu, sannan a shiga. Inda tsarin kamfani shi ne a ajiye rigunan, ki nemi a nuna miki inda na 'ya'yanki suke, ki taɓa su da hannunki, ki ga libar da ke sakin labule ko ƙofar da ke rufi. Idan motar na da bel na kujera, na titi ne; a kwance shi kafin a gangara.

Gwajin rigar yaro ba shi da wuya. A ɗaure duk maɗaurai, har da wanda ke bi ta tsakanin ƙafafu, sai ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga. Idan ta taso ta wuce haɓa ko kunne, ta yi masa yawa, a ruwa zai zame ta ƙasa. Ta 'yar shekara biyun ta zama mai matashi a bayan wuya da hannun kamawa a sama. In kamfanin bai da irinta, kada ki hau da ita. Kuma a kwance goyo, ta zauna a cinyarki sanye da rigarta.

Taki kuma a kan hijabi za ki sa, ba a ƙarƙashinsa ba, ki tattara yadin ki cusa shi ciki, ki ja maɗaurin ƙugu ya kama sosai. Hijabi mai kaiwa ƙasa na rufe hannuwa, a ruwa yana naɗe ƙafa kuma yana iya tasowa ya rufe fuska. A ranar ki zaɓi gajere mai tsayawa a ƙugu a kan doguwar riga mai hannu, da wando a ciki. Sutura ta cika, hannu kuma ya samu sakewa.

Ruwan Ingila na da sanyi ko da rani. A ruwan da bai kai digiri 15 ba, jiki na fizgar numfashi da kansa a minti na farko, nan ne mutane ke shaƙar ruwa. Abin da masu ceto ke koyarwa shi ne a kwanta rigingine, a buɗe hannu da ƙafa, a bar numfashi ya daidaita kafin a yi yunƙurin iyo. Ki koya wa manyan yaran wannan a gida.

Tambaya: Shugabanninmu na ƙungiyar ɗalibai sun sa wannan yawon a shirin tarbar sabbin zuwa. Na ji an ce wata ta taɓa nutsewa da mutane da yawa a Amurka. Gaskiya ne? In haka ne, mu fasa? Daga wani ɗalibi a jihar Missouri.

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma a jiharku abin ya faru. Ranar 19 ga Yuli, 2018, a tafkin Table Rock kusa da Branson, agwagwa mai ɗauke da mutum 31 ta nutse, 17 suka rasu, tara daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne da suka fito yawo tare. Allah ya kiyaye mu.

Ka lura da lokutan. Da ƙarfe 6:32 na yamma hukumar yanayi ta fitar da gargaɗin hadari mai ƙarfi da ya haɗa da tafkin. Wajen 6:55 motar ta shiga ruwa, tafki a kwance lumui. Mintoci kaɗan iska ta iso da gudun da ya haura kilomita 110 a awa, alhali ƙa'idar motar ita ce kada ta kasance a ruwa idan iska ta wuce kilomita 56 a awa. Igiyar ruwa ta riƙa dukan gabanta, ruwa na shiga ta ƙofar shan iskar inji da ke kan hancinta. Ba ta da soso mai hana nutsewa ko rufaffun ɗakunan da za su riƙe ta a sama bayan ta cika, rumfa da labule kuma suna nan. Abubuwan da aka yi gargaɗi a kansu bayan 1999 ne suka maimaitu. Fiye da minti ashirin gargaɗin na nan kafin tayarta ta taɓa ruwa, kuma duk mai waya a aljihu zai iya ganinsa.

Ba a ruwa kaɗai matsalar take ba. A Seattle, ranar 24 ga Satumba, 2015, gidan aksul na gaba na wata agwagwa ya karye a kan gadar Aurora, ta tsallaka hannu ta soki bas ɗin ɗalibai 'yan ƙasashen waje, biyar suka rasu. Tun 2013 masu ƙirar suka aika sanarwar a ƙarfafa wannan wurin, ba a yi wa motar ba. A Philadelphia, ranar 7 ga Yuli, 2010, an bar tankin ruwan inji ba murfi, ruwan ya tafasa, kyaftin ya ɗauki tururin hayaƙin gobara ne, ya kashe inji ya jefa anka a hanyar manyan jirage a kogin Delaware. Wani babban jirgin dakon kaya da wani jirgi ke turawa ya bi ta kansu, mai tuƙin jirgin da ke turawar na kan waya, ɗalibai biyu 'yan ƙasar Hungary suka rasu. A Boston kuma, bayan wata agwagwa ta take wata mata a kan babur a 2016, jihar Massachusetts ta hana direba ya haɗa tuƙi da yi wa fasinja bayani a titi, ta kuma wajabta kyamarori, domin dogon hancin motar na ɓoye abin da ke gabanta.

Ba mu ce ku fasa ba. Mun ce ku zaɓa da ido buɗe. Ga abin da za ku tambaya, kuma kamfanin kirki ba ya jin haushin tambaya: motar ta zamanin yaƙi ce, ko an ƙara wa tsohon shasi tsawo, ko sabuwar ƙira ce? Idan ta cika da ruwa za ta ci gaba da iyo? Famfunan kwashe ruwa na lantarki ne masu zaman kansu, ko da inji suka dogara? Akwai ƙararrawar da ke kuka idan ruwa ya taru a ciki? Dokar 2022 ta nemi aƙalla huɗu. Ma'aikata nawa ne a mota? Wa ke duba yanayi, kuma a wane gudun iska suke dakatarwa? Takardar shaidar dubawa tana manne a cikin motar, a karanta ranar ƙarewarta. Wanda ya amsa muku da cewa shekara kaza suna yi ba abin da ya faru, bai amsa ko ɗaya ba.

A ranar kuma, wanda kuka ba ikon fasawa ya duba gargaɗin hukumar yanayi awa ɗaya kafin tashi, ya sake dubawa a bakin gangara. Idan akwai gargaɗin tsawa ko iska a yankin, ya gaya wa kyaftin ƙungiyarku ba za ta shiga ruwa ba, a yi zagayen titi kawai.

Tambaya: Zan je Landan da iyali, an ce akwai ta a kogin Thames. A ina ake hawa? Daga wani ɗan kasuwa a Kaduna.

Amsa: Alhaji, ta tsakiyar Landan ta daina aiki a Satumbar 2017, bayan an karɓe gangarar da take shiga ruwa a Vauxhall don aikin babban ramin magudanar ruwa na birnin. Windsor, da ke yamma da Landan a kan kogin, ita ce za ka bincika. Idan hanya ta bi da ku Singafo, tasu ta tsofaffin motocin soja ce ƙirar LARC, masu gangar jikin alminiyom, suna shiga Marina Bay. Ko'ina ne, a tabbatar da jadawali a shafin kamfanin a makon tafiya.

Tambaya: Ina da tsohuwar bas mai kujera 30 da ƙwararrun masu walda. Ina tunanin in mayar da ita mai shiga ruwa, in riƙa ɗaukar makarantu da 'yan biki a tafkin Jabi. Me zan fi kula da shi? Daga wani mai harkar sufuri a Abuja.

Amsa: Alhaji, kada ka yi da wannan bas ɗin. Toshe ƙasan mota da walda ba ya mayar da ita jirgi. Bas na da nauyi a sama, inji a gefe ɗaya, ƙofa a ƙasa-ƙasa. Ko ta yi iyo a wofi, mutum talatin su karkata gefe guda don kallon wani abu, ta kife. An gwada irin wannan a Kanada: Lady Duck, wadda aka ƙera daga motar Ford F-350, ta nutse a kogin Ottawa ranar 23 ga Yuni, 2002, mutum huɗu cikin goma sha biyu suka rasu.

Cusa soso ma ba maganin gaggawa ba ne. A Liverpool agwagwa biyu suka nutse a 2013, ɗaya a Maris, ɗaya a Yuni. Ta biyun, tsohuwar taya ce da ke cikin ruwa ta naɗe farfela, farfelar ta fasa gangar jiki, kuma soson da ke ciki bai kai adadin da doka ta nema ba, wato abin da zai ɗauki kashi 110 cikin ɗari na nauyin motar. Ba a rasa rai ba. Da aka matsa wa kamfanoni su cika soso, sai aka cusa shi har jikin sandunan da ke juyawa. A Satumbar shekarar wata agwagwa ta kama wuta a kan Thames da mutum 30, saboda mahaɗar sanda ta yi zafi ta kunna soson da ke manne da ita. Su ma an ceto su duka. Tsohuwar ƙirar ba ta da wurin da za ta ɗauki soson da take buƙata, balle bas ɗin da ba a zana ta don ruwa ba.

In harkar ta shiga ranka, akwai masu ƙera ta tun daga tushe, a Holan da Ingila da Amurka, wasu da gangar jikin alminiyom mai ɗakuna cike da soso. Za ka buƙaci takardun ɓangare biyu, na titi da na hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, da inshorar da ta ambaci ruwa ƙarara, da direba mai lasisin babbar mota da shaidar tuƙin jirgi. Gangarar kankare ce za ta fi cin tunaninka: ta zama mai sauƙin gangara, mai kaushi don taya ta kama, kuma ta miƙa ƙarƙashin ruwa har inda yake janyewa a ƙarshen rani, in ba haka ba tayoyin gaba za su faɗa taɓo a wajen fitowa. A share hanyar da za ta bi daga ciyawar ruwa da ragar masunta da tsofaffin tayoyi, a kuma sake sharewa bayan kowane babban ruwan sama. Kuɗin giris, man aksul, boris da birki ka ware musu kaso na musamman, domin abin da bas ke canjawa a shekara wannan za ta nema a watanni. Kafin duk wannan, ka gwada kasuwar da abin da ka riga ka mallaka: bas ɗinka ta kawo yara bakin tafki, jirgi mai faffaɗan ciki da cikakkun rigunan kariya ya zaga da su, bas ta mayar da su makaranta kafin la'asar.